Falankin Oleta Goad

Kowace Juma'a da ƙarfe uku na rana, Oleta Goad takan zuba ruwan ɗumi a kwano ta tsoma hannayenta har sai yatsun sun yarda su lanƙwasa. Daga nan ta naɗe biyu na dama da filasta, ta leƙa kajinta, ta juye burodin masara daga kasko ta rufe shi da tsumma. Sai kuma aikin da ba ta taɓa yarda wani ya taya ta ba, wato shigar da bes cikin mota. Wannan ƙaton goge ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Takan kwantar da kujerar gaba ta zura shi ta baya, wuyansa ya zo daidai kafaɗarta, su gangaro daga tudu kamar mata da miji za su coci. A saman motar kuma akwai wani dogon falanki ɗaure da igiya. Shekara tara ke nan yana bin ta, kuma saboda shi ne na ɗauki alƙalami.

Ita ce farkon isa shagon Hylton da ke nan garinmu Tolliver, inda muke yi wa mutane kiɗan rawa duk daren Juma'a. Ta jera kujeru, ta barbaɗa garin masara a daɓen katako don takalman masu rawa su samu santsi, ta ɗora kofi. Mu sauran sai mu iso ƙarfe shida, kowa da akwatinsa a hannu yana hura hanci, a ce ga 'yan ƙungiyar Tolliver Creek sun zo. Ni ne Arvil mai banjo, wani irin gurmi mai tsirkiya biyar, kuma in za a yi gasar hura hanci a cikinmu, ni zan zo na ɗaya.

Duk wanda ya tashi a duwatsun nan na Virginia a Amurka ya san kiɗan bulugiras ba shi da ganga. Makirufo ɗaya ne a gaba. Mai goge ya matso ya nuna bajintarsa ya ja baya, mai banjo ya shigo, mai jita ya karɓa, kowa ya sha tafinsa. Mai bes ce kaɗai ba ta matsowa. Tana can baya a tsaye tana jan tsirkiya da yatsa biyu, kuma da za ta makara da ƙiftawar ido ɗaya, da mu da masu rawa duk mun zube. Shekara arba'in da uku Oleta tana wannan tsayuwa. Wani hotonmu ya fi shekara ashirin manne a ƙofar shagon. Kwanan nan na tsaya na dube shi da kyau, sai na ga ashe hular Lonzo mai jita ta rufe rabin fuskarta, kuma a tsawon shekarun nan babu wanda ya lura a cikinmu.

Ba ma da niyya ta shiga harkar ba. Mai bes ɗinmu na farko ya tafi neman aiki Ohio, sai mijinta, marigayi Hobart, wanda shi ne ya haɗa mu, ya ce ta riƙe mana na wata guda kafin a samu wani. Lokacin tana ɗinkin riguna a kamfani, tana da yara uku. Ta riƙe. Hobart ya rasu shekara goma sha biyar da suka wuce, ran Talata aka binne shi, ran Juma'a sai ga motarta a ƙofar shago. Na ce mata da ta huta wannan makon. Ta ce, "Wata gudan bai cika ba tukuna, Arvil. Kauce min in wuce da kayana."

Ku tambayi kowa a gundumar nan. Babu maƙabartar coci da ba ta ja bes ɗinta cikin ciyawa ta je ta tsaya a bakin kabari ba, ko ta san mamacin ko ba ta san shi ba. A lokacin taron makaɗa, duk ƙungiyar da mai bes ɗinta ya bugu ko ya yi fushi ya tafi gida, tantin Oleta take nufa. Matar fastonmu ta ce ta taɓa ganin ta bayan irin wannan yini tana cin wake da cokali a hannun hagu, domin yatsun dama sun fashe. Waɗannan duk sanannu ne. Abin da ba a sani ba sai bara shi ne maganar Estil.

Estil Goad ƙanin Hobart ne, kuma shi ne mai gogenmu. In ya ja izga, tsohuwar da ta shigo da sanda sai ta manta inda ta jingine ta. Ya yi shekara talatin da ɗaya a gaban injin yanka katako a kamfanin kujeru. Duk mutanen da suka yi aiki a can da ihu suke magana, kuma gyaɗa kai suke yi ko me ka ce, don haka ba wanda ya ɗauki na Estil a bakin komai. Sai dai shekara tara da suka wuce ya fara gudu. A fara kiɗa tare, kafin a kai tsakiya ya wuce mu, mu bi shi a guje, ya sake wucewa. Masu rawa suka riƙa cin karo da juna. Wata Juma'a na ga mutum huɗu sun koma kujera kiɗa bai ƙare ba, abin da ban taɓa gani a shagon Hylton ba.

A ranar, yana ciki yana kwance izga, na tara Lonzo da Oleta a bayan motoci. Ba zan yi wa kaina kwalliya ba, ga abin da na ce.

"Mu daina yaudarar kanmu. Estil ya ƙare. Tsufa ne, ba laifin kowa ba. Akwai wani mai goge a ƙetaren tudu, hannunsa da kyau."

Lonzo ya dubi takalminsa. Dukkanmu mun san matar Estil ta rasu a wannan bazarar, 'ya'yansa suna birni, kuma ban da Juma'a ba shi da wata rana a mako.

Oleta ta ce, "Kai dai bakinka da banjonka ba a san wanda ya fi wani surutu ba. Ka ba ni Juma'a uku."

"Ki yi me da su?"

"In na sani ai da ɗaya zan nema."

Abin da ya biyo baya daga bakin Estil na ji shi, bayan shekara takwas. Ya ce ran Litinin ta je gidansa da bes da kwanon wake, ta ce su gwada a baranda. Shi yana zaune ba takalmi, safa kawai, da ya tashi bai tsaya saka komai ba. Suka yi kiɗa uku bai kuskure ko taki ɗaya ba. Ta ce ya je ya sa takalman cocinsa. Ya sa, suka sake, ya fara zamewa. Ta ce su sauka tsakar gida kan ƙasa, nan kuwa ya ruga kamar an kunce ɗan maraƙi. Sai ta ajiye bes ta zagaya bayansa, ta kira sunansa sau uku. Bai juyo ba.

Ashe gogen da ke ƙarƙashin haɓarsa kaɗai yake ji, ta cikin ƙashi. Mu duk ganin mu yake muna motsa hannu. Ya sayi na'urar nan ta kunne a ɓoye, amma da ita a kunnensa gogen sai ya koma kukan ƙofa mai tsatsa, ya jefa ta a aljihun tebur. A baranda kuwa ƙafar ƙarfen da bes yake tsayawa a kai tana kan katako ɗaya da tafin ƙafarsa, duk jan da Oleta ta yi yana hawo masa ta ƙasa. Kusurwar da muke kiɗa a shagon Hylton siminti ce. Ya ce ya zauna a matakala ya roƙe ta abu ɗaya, kada kowa ya ji. Ya gwammace a ce tsufa ya kore shi da a riƙa tausayin kurma mai goge. Ta ce ta ji.

Juma'ar da ta biyo sai ga ta da falanki, daga ƙofar rumbun Hobart ta ciro shi. Ta huda rami a gefe ɗaya ta kafa ƙafar bes, ɗaya gefen ya kai har gindin makirufo. Estil ya cire takalmi ya hau.

Na ce, "Wannan kuma fa? An koma hawa wuri mai tsarki?"

Ta ce, "Sanyin siminti ke hawar masa ƙafa. Ni ma yana cinye min ƙarfen bes. Kai ka kula da tsirkiyarka ta biyar, tun bara take ƙarya."

Muka fara, Estil ya zauna daram cikin kiɗa kamar shekarun da. Na je gida na gaya wa matata cewa ashe sanyi ne ya kusa raba mu da mutumin, har da ba ta shawarar ta riƙa sa safa biyu. Rashin sani ya fi dare duhu. Ba ni kaɗai ba ne ma. Cikin shekara biyu masu goge daga gundumomin maƙwabta suka fara cire takalmi kafin su hau dandamali, wai sirrin hannun Estil ke nan. Wani baƙo da ya zo da kyamara har ya rubuta cewa tsohuwar al'adar mutanen dutse ce da ta kusa ɓacewa. Oleta ta karanta, ta ninke takardar ta shimfiɗa wa kajinta.

Taron makaɗa na gundumarmu cikin Agusta ake yin sa, a filin baje koli. Sau talatin da takwas muna shiga gasar ƙungiyoyi, kuma mafi girman abin da muka taɓa samu shi ne na uku, shi ma a shekarar da ruwan sama ya kori rabin mutane. Tsohon dandamalin na katako ne, don haka Oleta ba ta taɓa buƙatar falankinta a can ba. Bara aka rushe shi aka zuba sabo na siminti, da rufin kwano da fitilu, kowa yana yabawa. Aka kuma kafa doka cewa minti uku-uku ne, kuma ba a hawa da komai sai kayan kiɗa. Wanda aka ba tsaron matakala shi ne Burl Akers, tsohon malamin lissafi, mutumin da ko uwarsa ce ta zo a makare sai ya rubuta ta.

Ƙarfe huɗu na yamma, rana tana dukan ƙeya, ƙungiya ɗaya ce ta rage a gabanmu. Oleta ta iso da falanki a kafaɗa. Estil ya riga ya cire takalmi.

Burl ya ce, "Goggo Oleta, ina za ki da ƙofar rumbu?"

"Kayan kiɗana ne."

"Kayan kiɗa yana da tsirkiya, ko a hura shi. Wannan sai dai a ɗora masa kabewa."

"Burl, ni na yi kiɗa a aurenka. Matsa."

"Na sani, Goggo, hoton yana ɗakinmu. Amma in na bar ki, na bayanki zai zo da kujerar lilo."

A nan na sake nuna halina. Na ce, "Haba Oleta, a wannan zafin wane sanyi ne zai kama Estil? Minti uku ne fa. Ajiye shi mu hau."

Ta yi min wani kallo da har yanzu in na tuna sai in gyara zama. Da jimla ɗaya za ta buɗe mana hanya, kuma ta san haka. Amma ta yi alkawari a matakalar wani gida shekara takwas da suka wuce. In kuma suka hau ba falanki, Estil zai ruga a gaban mutum dubu biyu, ya sauko ba zai ƙara ɗaga goge ba. Ta sauke falankin ta tsayar da shi a ƙasa.

Ta ce, "To cire sunanmu."

Na fara tafasa. Estil yana tsaye yana bin bakunanmu da ido, daga nata zuwa nawa zuwa na Burl. Sai ya miƙa wa Lonzo gogensa, ya matso. Da muryarsa ta kamfanin kujeru ya yi magana, wadda duk makaɗan da ke layi suka ji, har da masu sayar da soyayyen kaza.

"Burl, ni kurma ne. Shekara takwas rabona da jin banjon Arvil, kuma ita kaɗai ce ribar da na ci a ciki. Da ƙafa nake jin matar nan. In babu katakon, babu ni."

Duk layin ya juyo yana kallonmu. Ni dai ji na yi kamar ƙasa ta buɗe in shige, domin a lokacin ne maganar bayan motoci ta dawo min kalma-kalma. Burl ya duba takardar dokarsa, ya duba falanki. Sai ya kwantar da shi a kan tsakuwa, ya zauna a matakala ya kwance takalmi ɗaya, ya taka. Ya ce, "Ja in ji, Goggo." Ta kafa ƙafar bes a ramin ta ja sau huɗu. Muka ga girarsa ta ɗaga.

Ya ce, "Wannan abu yana kiɗa. Kama can, Arvil." Shi da kansa ya ɗauki gefe ɗaya muka hau da shi, ƙafarsa ɗaya da takalmi, ɗaya da safa mai huji.

Kiɗan da Hobart ya ƙirƙiro muka yi, wanda ya sa wa suna Kazar Oleta Ta Tsere. Na shekara hamsin ina kaɗa banjo, ban taɓa shiga minti uku irin waɗannan ba. Estil ya taka falankin nan har bakin makirufo, ya rufe ido, ya saki hannu. Mutumin da ya sauke kayan shekara takwas daga kansa ne yake kiɗa. A bayanmu Oleta tana ja da ƙarfin da na san yatsunta ba su da shi. Labari ya riga ya zagaya filin, mutane suka miƙe daga kujerunsu na naɗewa, masu rawa suka jefa allunan katakon da suke rawa a kai a ciyawa suka hau. Da muka tsaya, na juya na ga filastar yatsunta ta yi ja.

Shuɗin kintinkiri muka ɗauko, na ɗaya, a karo na talatin da tara. A taron ana ba da kyautar goge, da ta banjo, da ta jita, da ta rawa, amma babu ta bes, ba a taɓa yi ba. Estil ya karɓi kintinkirin daga hannun alƙalai, ya aro guduma a wurin masu kafa tanti, ya buga shi da ƙusa a jikin falankin, daidai bakin ramin.

Oleta, ke ce gindin da ba a gani, mai ɗauke da reshe da 'ya'yansa. Ke ce kika ga abin da mu masu kunne biyu muka kasa ji. Kin bari ana yi miki dariya kina yawo da ƙofar rumbu a saman mota, kin bar ni ina ba da labarin sanyi a gari, kuma ko sau ɗaya ba ki ce min ka tuna abin da ka faɗa ba. Na nemi gafarar Estil a ranar, ya ce bai ji ba, in ƙara faɗa da ƙarfi, ya sa na faɗa sau uku. Ke ban nemi taki ba, domin kunya ta hana ni. Ga shi ina nema a gaban duk mai karanta wannan.

Bayan gasar likita ya ce mata yatsun nan sun gama aikinsu. Da labarin ya iso mana, kowa ya san lissafin. In Oleta ta sauka, Estil ya sauka. Shi kansa ya fara maganar wanda zai bar wa gogensa. Ba kowane mai bes ne zai yi ba, domin ja mai daɗi a kunne daban, ja mai isa tafin ƙafa daban.

Ashe ta riga mu. Twila Bolt, matar da ke raba mana wasiƙu, wadda take ɗan taɓa bes a cocinsu, ta ce wata goma sha huɗu tana tsayawa gidan Oleta kowace Talata bayan ta gama zagaye. Oleta takan toshe kunnuwanta da auduga, ta cire takalmi, ta hau falanki ta juya mata baya. Twila ta ce, "Sai in yi ta ja har hannuna ya mutu, ita kuwa ta ce, 'Ban ji ki ba, 'yar nan. Wasiƙa kike shafawa ko tsirkiya?' Sau biyu ina kuka a mota." Estil bai san da wannan ba. An dai gaya masa Juma'ar da ta wuce ita ce ta ƙarshe ga Oleta, ya zo da farar rigarsa ta jana'iza, ya ɗauka tasa ce ta ƙarshe shi ma.

Shagon ya cika har waje. Da muka zo kiɗan rufewa, Oleta ta ce a yi na kazar. Estil yana gaba a bakin makirufo, bayansa gare ta kamar kullum. Muna tsakiyar zagaye na biyu na ga Twila ta taso daga gefen buhunan abincin kaji ta tsaya a bayan bes. Ta sa hannun hagu a saman na Oleta, ta sa na dama. Oleta ta zare nata. Ko taki ɗaya bai faɗi ba. Ta warware filastar yatsunta ta sa a aljihu, ta bi ta jikin bango, ta sauka kan daɓen da ta shekara arba'in da uku tana barbaɗa wa garin masara ba ta taɓa takawa ba, ta shiga rawa a gaban Estil.

Ya buɗe ido ya gan ta. Ya dubi ƙafafunsa, inda kiɗan yake ci gaba da hawowa. Ya sake duban ta. Bai tsaya ba, bai kuma yi gudu ba. Ya yi zagaye uku fiye da yadda Hobart ya tsara, hawaye yana bin gogen, mu kuma muna bin sa. Da aka gama ya juya ya ƙare wa Twila kallo, ya ce, "Wata nawa ta ci miki?" Sannan ya ce wa Lonzo maganar bar wa wani gogensa a ajiye ta tukuna.

Mun gode, Oleta. Tolliver ta gode, da duk wanda kika raka kabari, da duk wanda ya yi rawa a kan hannunki bai san sunanki ba. Allah Ya ba yatsun nan hutu, Ya bar miki ƙafafun.

Ku kuma masu karatu, a wurin aikinku ko cocinku ko gidanku akwai wanda ya fara gudu ko ya fara makara, kuma akwai irina da ya riga ya tara mutane a bayan motoci. Kafin ku sa baki, ku nemi Juma'a uku, ku je gidansa da kwanon wake. In kuma kun shigo shagon Hylton wannan makon, kada ku neme ta a baya. Tana gaba, cikin masu rawa. Mun cire tsohon hoton daga ƙofa mun ɗauki sabo, kuma a wannan karon mun sa Lonzo ya cire hula.